Kafin a sayi ɗan baya, a duba ƙafarsa da kansa

A fada ko'ina gardamar ɗaya ce: yaro ɗan shekara 18 ya isa a ba shi tsaron gida?

Mu ɗauki Leny Yoro. A watan Yuli na 2024 Manchester United ta saye shi daga Lille a kan Yuro miliyan 62, wato sama da miliyar 40 na sefa. Dogo ne, yana karanta wasa, ba ya gaggawar zubewa ƙasa. Amma tun a wasan share fage da Arsenal a Amurka ya samu karaya a ƙafa, sai Disamba ya fara buga gasar Ingila. United na da kuɗin jira. Ƙungiyoyinmu na Maradi, Damagaram da Tawa fa?

Mu a nan, in shugaban ƙungiya ya ga yaro ya tare balo biyu a gasar hutu, shi ke nan, a kawo takarda ya sa hannu. To, a dakata. A kalle shi ranar da aka ci su uku: yana magana da gola, ko ya yi shiru? In ɗan gaba ya wuce shi, yana komowa da gudu? Likita ya duba gwiwa da idon sawu. A tabbatar da shekarunsa na gaskiya. A zauna da iyayensa kan maganar lakwal.

Kuskuren ɗan gaba ana mantawa, na ɗan baya kuwa raga yake shiga. In aka ɗora wa yaro nauyin da ya fi ƙarfinsa, 'yan kallo za su yi masa ihu har ya bar tamola.

Allah ya ba yaranmu sa'a. Ku faɗa mana ra'ayinku.