Ɗakin Da Likita Ba Ya Rubutawa

Aikina ba da magani ne a asibiti, kuma cikin takardun da ake miƙo mini ta taga, waɗanda suka fi yi mini nauyi su ne na masu raunin ƙwaƙwalwa: mutanen da jikinsu ya girma amma fahimtarsu ta tsaya a baya. Wannan lalura daban take da taɓin hankali, ko da yake a gari an yi musu kuɗin goro. Da yawansu suna fama da farfaɗiya, shi ya sa ake rubuta musu fenobabiton ko kabamazefin.

Magungunan nan suna da sharaɗi: kullum, kuma a kan lokaci. Wanda jikinsa ya saba da fenobabiton, idan aka yanke masa shi kwatsam, farfaɗiyar tana iya dawowa a jere ba ta sake shi ba, har ta kai ga rasa rai. To, wanda yau ya kwana a zaure, gobe a tasha, jibi a rumfar kasuwa, wa zai ba shi ƙwayar dare?

Galibi uwa ce ke riƙe da wannan aiki, kuma tambayar da iyaye mata suka fi yi mini ba ta shafi magani ba: idan na kwanta dama, ina zai zauna? Masu zuwa daga Bilbis da sauran ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suna da ƙarin damuwa. In 'yan bindiga suka tashi gari, iyali suka cunkushe a ɗakin wani ɗan'uwa a Gusau, wanda ake fara turawa waje shi ne wannan bawan Allah da ba ya iya kare kansa. Ga kuma yaran da suka tsira daga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wasunsu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, yau sun zama samari da 'yanmata, iyayensu kuwa tsufa suke yi.

Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, amma ban ga ta aza wa kowa kwano a ƙauye ba. Ba na kuma sha'awar babban gida mai nisa da za a tara su a rufe. Mun ga abin da ya fito daga Rigasa ta Kaduna a Satumbar wannan shekarar, inda 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa.

Abin da nake roƙonka ƙarami ne: ɗaki ɗaya cikin gidan dangi, da karo-karon unguwa. Mutum 100, kowa naira 200 ranar Juma'a, an sami 20,000 a mako, sama da miliyan ɗaya a shekara. In ginin ƙasa ne, matasa su yi gayyar tubali, kuɗin ya tafi ga kwano, katako da ƙyaure. Ɗakin ya yi nesa da murhu da rijiya saboda faɗuwa, shimfiɗa ta kasance a ƙasa, kada a sa masa sakata ta waje. A tanadi akwati mai makulli na magani, a kuma ambaci sunan wanda zai riƙa ba da shi, da mataimakinsa.

Na san abin da ke kashe irin wannan taro: zargi. Kada kuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Mutum uku su riƙe littafi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Idan ginin ya kammala, a rubuta shi wakafi ga mai lalurar a gaban shaidu, don kada ranar rabon gado a wayi gari ɗakin ya zama shago. Jiharmu tana da Hukumar Zakka da Wakafi, a nemi shawararta kan rubutun. Kafin a haƙa harsashi kuma, a tambayi mai ɗakin inda yake so ƙofarsa ta kalla. Yawancinsu za su ce wajen ɗakin inna.