A Da, Bin Ɗan Wasa Sai da Ƙafa

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna lokacin da ƙananan gasannin tanis na ƙwararru suke zagayowa Najeriya, a buga a Legas, a wuce Benin, a hauro har Kaduna. Matakin ƙasa ne, nesa da Wimbledon, inda saurayi zai taso daga Turai da jaka ɗaya da raket biyu ko uku, yana neman 'yan makin da za su ɗaga shi a jerin 'yan wasan duniya, ya yi kiciɓis da namu samarin, waɗanda da yawansu da tsintar ƙwallo a kulob suka fara. Nduka Odizor ma haka ya fara a Legas, kuma a 1983 ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Saboda haka duk yaron da ka ɗora wa ido a gefen fili, ba ka raina inda zai kai.

Idan kana da ɗan wasan da kake bi, sai ka yi sammako ka je kulob, ka leƙa takardar da aka manna a allo, ka nemo sunansa da lambar filinsa. Takardar takan ce wasansa yana bayan na wane da wane, to sai ka nemi benci ka zauna, ko za a kai la'asar. In ya shigo, tsakaninku bai fi taku goma ba, kana jin numfashinsa, kana jin takalminsa yana gurzar jar ƙasa, kana ganin safarsa tana rinewa, kana ganin lokacin da zai tako gaban raga ya nuna wa alƙali tabon da ƙwallo ta bari da bakin raket, yana rantsuwa cewa waje ta faɗa. Makin wasa kuwa daga bakin alƙalin da ke kan doguwar kujera kaɗai ake jin sa. Wanda ya makara sai ya raɗa wa na kusa da shi, "Malam, nawa-nawa?" a ba shi amsa da yatsu, don ba a magana in za a buga ƙwallon farko. Tun kafin maki ya nuna, mun san in gwiwar yaro ta fara sanyi, daga yadda yake jan ƙafa zuwa wurin tawul.

Yau lamba ce take canzawa a fuskar waya.

Ban ce da can komai daidai yake ba. In ɗan wasanka ya tafi Benin, sai ka jira jarida, ka juya shafin baya na New Nigerian kana laluben layi biyu, wani lokaci bayan kwana biyu, wani lokaci ma shiru kake ji, sai ranar da ya dawo ka karanta labarin a fuskarsa. Yanzu uwa tana zaune a ɗakinta tana bin wasan ɗanta maki bayan maki, yana can Monastir ta Tunisiya ko Sharm el-Sheikh ta Masar, garuruwan da ake buga irin wannan gasa kusan kowane mako. Wannan alheri ne, babu musu.

Sai dai ku matasa, ya kamata ku san hanyar da lambar take bi kafin ta iso hannunku. Alƙali ne yake danna kowane maki a wata 'yar na'ura, nan take ya bazu a duniya. A 2012 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ƙulla yarjejeniyar sayar da waɗannan bayanai ga kamfanin Sportradar, daga nan kuma suka isa ga kamfanonin caca. Wasan da mutum goma ba su taru a kansa ba ya zama abin zuba kuɗi ga dubban mutane a wasu nahiyoyi. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya fitar da rahotonsa a Disamba 2018 ya ba da shawarar a daina sayar da makin kai-tsaye a mataki mafi ƙasa, saboda yadda ake saye wasanni a can. Dalilin a fili yake: a gasar da a wancan lokaci jimillar ladanta dala 15,000 ce, wadda tun 2019 ake kira M15, zakara kansa a lokacin ba ya tashi da dala 2,500, ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga ɗaurin igiyar raket. Mai neman ya saye wasa ya san inda yunwa take.

Mu da muka zauna a benci, in yaronmu ya faɗi, mukan tare shi a bakin ƙofa, a ce masa "Sannu da ƙoƙari, gobe ma rana ce," wani dattijo ya saya masa lemo, wani ya tuna masa ƙwallon da ya yi gaggawa a kanta. Na yanzu yakan fito daga zagayen farko da ladan da bai taka kara ya karya ba, ya buɗe wayarsa, ya tarar da zagi da barazana daga mutanen da suka yi asarar kuɗi a kansa, waɗanda ko da wane hannu yake riƙe raket ba su sani ba.