Turancin Tasha

Ranar da na fara jin kunyar ilimina a kan hanyar Kano ne, cikin 1994, 'yan watanni bayan an karya darajar sefa. Kawuna ɗan kasuwa ne a Agye, bai taɓa zama bencin lakkol ba. Ya ce in raka shi sarin atamfa, tunda ni ne mai karatun nasara a gidan. Muka bi ta Cadawa muka faɗa Maraɗi, daga nan sai Ɗan Isa. Har nan bakina bai mutu ba, domin shofer da aparanti da duwan da jandarma duk na san su tun a aji.

Da muka wuce Jibiya sai harshe ya juye. A wani shinge mai kaki ya ɗaga hannu, ya zubo magana da sauri, ban kama ko kalma guda ba. Kawu ya dafa kafaɗar direbanmu, wanda shi ma baƙo ne, ya ce: "Kiliya ya ce ka yi, ka gyara fakin, ka fito da fatikula." Sa'an nan ya waiwayo: "Kai yaro, ina Turancin naka?" Na ce, "Kawu, namu na Faransa ne." Dariyar da fasinjoji suka yi har yau tana kunnena.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, kalmomin nan kowace da abokiyar tafiyarta. Lodi cika shi ake yi, birki a taka, tikiti a yanka, boda a tsallaka, gosulo kuwa shigarsa ake yi, sai Allah ya fid da mutum. Wasu ma a manne suka iso mana, kamar obalodi da wanwe da ful tanki, har ba mai tuna kalma biyu ce. Wanda ya haddace ɗaya ya bar ɗaya, ya tona kansa. A tashar Kano na ce wa wani ɗan kamasho muna son mu sayi shata. Ɗaukarta ake yi, ba a sayenta. Nan take ya gane baƙo ne, ya ninka kuɗin, sai da Kawu ya sa baki.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi kuma ta yi shekaru tana bi ta can zuwa Ikko. Lori da taya da direba tare da wannan fatauci suka shigo mana. Faransanci ta ƙofar ofis ya biyo, shi ya sa a ganina abin da ke tsayar da matafiyi ya fi ɗaukar sunansa daga can: duwan, bariyar, kartidante. A tashar Gidan Rumji mutum ɗaya zai ce gudoro da safe, kwalta da marece, isansi ga ma'aikaci, fetur ga mai bumburutu, bai kuma ji ya saɓa ba.

Mu ma'aikata mun daɗe muna raina wannan, muna ce masa Turancin tasha. Amma da Najeriya ta rufe iyakarta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka tsaya, 'yan kasuwa suka sha asara, kalmomin ko gezau. A 2025 ma hukuma ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Kawu ya rasu bai ga wannan ba. Kwanan baya tayarmu ta fashe tsakanin Gazawa da Agye, aparanti ya yi kira a sauko da safaya. Ɗana, da ke koyon Ingilishi a lise, ya tambaye ni wane yare ne wannan. Na ce ya je ya riƙe wa yaron jak tukuna, in ya dawo na faɗa masa.