Lambar shiga ba sai ta zo ta layin waya ba

'Yan uwa na Araba da Illela, ku zo mu yi wata magana da ta daɗe tana cina.

Duk wanda ke zaune bakin iyaka ya san halin wayarmu. Kana zaune cikin shagonka, ba ka taka Ƙonni ba, sai ka ga layinka ya tsallaka ya kama sabis ɗin Nijar. A daidai lokacin Facebook ko Gmail za su ce sun turo maka lamba shida ta saƙo. Ka jira har ka gaji. Ni da nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, na ga ɗan kasuwa ya wuni bai buɗe imel ɗinsa ba, alhali takardar kayansa na ciki, mota na tsaye.

Wannan ma ƙarami ne. Ku tuna Satumbar 2021, da aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya, sannan a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ku tuna 2024, da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba. Wanda mabuɗin asusunsa ke cikin SIM, ranar da layi ya mutu ya tsaya waje.

Ita lambar nan ai lissafi ce. Ranar da ka kunna tsaro mai mataki biyu, idan ka zaɓi manhaja maimakon saƙo, shafin zai ba ka wani mabuɗin sirri. Manhajar na haɗa shi da agogo, ta fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Babu ruwanta da sabis, babu ruwanta da data. Kuma ba dole sai waya ba. Google Authenticator ba ta da ta kwamfuta, Authy kuwa ta daina tata a Maris 2024, amma KeePassXC kyauta ce, ita nake amfani da ita. Idan aka nuna maka hoton QR, nemi inda za a ba ka mabuɗin a rubuce, ka kwafa ka zuba ciki. Shi ke nan.

Sai dai a kula da agogo. Kwamfutocinmu yawanci 'yan gwanjo ne, ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci ya daɗe da mutuwa. Agogo ya kauce da minti biyu, duk lambar da ka sa za a ce ba ita ba ce, kai ko kana ta zargin an yi maka kutse. Gyara lokaci kawai. Mu da Nijar lokacinmu ɗaya, nan babu rikici.

Wasu za su ce ajiye kalmar sirri da lamba a na'ura ɗaya ganganci ne. Suna da gaskiya in kwamfutar shago ce da kowa ke taɓawa. Wallahi ko ka roƙe ni ba zan sa maka taka a tawa ba. Amma taka ta gida, mai kulle, ta fi mini SIM da ake iya yi wa "welkom bak" a bayan idonka.

Bankuna dai har yanzu yawancinsu saƙo ko token suke so, wannan ba ta shafe su ba. Mabuɗin nan kuma ka rubuta shi a takarda, ka sa inda kake ajiye takardun fili.