Me Ke Cinye Cajin Waya a Bakin Dajin Rugu?

A gefen kasuwar Batsari akwai wani matashi mai rumfar cajin waya wanda ya gaji da rantsuwa. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a dawo masa da ƙorafi iri ɗaya ba. Wata safiya dattijuwa ce daga wani ƙauye da ke yamma da gari ta kwance wayarta daga bakin zane, ta ajiye masa a kan benci. "Ɗan nan, jiya ka ce mini ta cika. Ko asuba ba ta kai ba ta mutu, kuma kira biyu kacal na yi." Ya ba ta amsar da ya saba bayarwa: "Wallahi Inna, sai da ta cika na cire ta." Ba ta gamsu ba, amma ta sake biya, domin a ƙauyensu babu inda za ta kai ta.

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Wayar ta nuna ta cika, kuma ta mutu kafin asuba. Mutanen yankin suna da nasu bayanin a kan wannan: wasu na zargin masu rumfa da musanya batir mai kyau da gajiyayye, wasu kuma sun yi imani cewa cajin janareta ba shi da auki kamar na wutar NEPA. Zargin farko yakan tabbata jefi-jefi, kamar yadda kowace sana'a ba ta rasa baragurbi. Amma mafi yawan cajin da ke salwanta tsakanin Batsari, Ruma, Safana da Runka a hanyar komawa gida yake fara zubewa, bayan wayar ta bar hannun mai rumfa.

Waya ba ta barci ko da tana cikin aljihu. Ƙaramar rediyo ce mai karɓa da aikawa, kuma a kai a kai tana sauraron ƙarfen sabis mafi kusa, tana sanar da shi inda take. Ƙarfin siginar yana raguwa da nisa cikin sauri: ko a fili fetal, idan nisa ya ninka biyu, abin da ke isowa kashi ɗaya ne cikin huɗu, balle a ƙasa mai duwatsu da itatuwa irin ta bakin dajin Rugu. Saboda haka aka ƙera waya ta riƙa daidaita muryarta da nisan mai sauraronta. A tsarin GSM, wanda yawancin ƙananan wayoyin karkara ke amfani da shi, wayar da ke gindin ƙarfen sabis tana iya aika saƙonta da ƙarfin da bai wuce 'yan ɗigo cikin dubu na wat ɗaya ba, alhali wadda ke can ƙarshen iyakar sabis tana iya kaiwa wat 2. Ninki ɗaruruwa ke nan. Kira biyun dattijuwar, daga ƙauyen da sandar sabis ɗaya ke leƙowa tana ɓacewa, sun ci wutar da kira masu yawa za su ci a Katsina.

Inda babu sabis ko kaɗan, abin ya fi muni. Wayar takan shiga laluben zangon rediyo ɗaya bayan ɗaya, ta huta kaɗan, ta sake, har gari ya waye. Idan mai layi biyu ce, kamar yawancin Tecno da Itel da ke hannun jama'a, to lalube biyu take yi. Wannan ɗabi'a ce ta duk na'urar da ke kiran abokiyar magana ba ta jin amsa. Ko masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Ingila da Jamus, waɗanda ke tuƙa su da rimot mara igiya, sun san cewa idan aka kashe tashar da rimot ɗin ke magana da ita aka bar shi a kunne, za a tarar da batirinsa ya sauka. Su dai abin da suke asara wasan yamma ɗaya ne.

A yammacin Katsina kuwa waya ita ce ƙararrawar gari. Da ita ake sanar da ƙauye na gaba cewa an ga babura sun fito daga daji, da ita ake kiran 'yan sintiri ko jami'an tsaro, da ita ake gaya wa manomi kada ya je gonar nesa yau. Kuma, abin takaici, ta cikinta iyalai ke jin muryar ɗan'uwan da aka sace. Mutumin da wayarsa ta mutu da tsakar dare a irin wannan wuri ya kurmance, ko da kunnuwansa lafiya lau suke. Shi ya sa dattijuwar ba ta ɗauki zancen da wasa ba, shi ma matashin bai ga laifinta ba.

Ya ga abin da ya fi haka a 2021. A ƙarshen watan Agustan shekarar, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro, wadda a cikin tanade-tanadenta ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki, sannan gwamnatin jiha ta haramta sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar ta shafa. Hujjar a bayyane take: 'yan bindiga ba su da lantarki a daji, ta hannun masu kai musu bayanai suke aiko da wayoyinsu gari a caja musu. Babu mai musun cewa hakan na faruwa. Sai dai matakin ya faɗa kan mutanen da ba su da wata hanyar samun wuta, ya bar wanda ke da kuɗin fansa a hannu, wanda sayen farantin sola ba zai gagare shi ba. Tsawon watanni mutane suka riƙa hawa tudu da duwatsu, ko su yi tafiya mai nisa, don neman inda sabis ke ɗigowa daga wata ƙaramar hukuma. Da yawa sun bar wayoyinsu a kunne cikin fatan ko za a dace, wayoyin kuwa suna ta lalube a banza. An haɗa wa batir abu biyu a lokaci guda: aikin da ya fi kowane cin wuta, da rufe wurin da ake ciyar da shi. Da aka dawo da sabis, matashin ya buɗe rumfarsa ya tarar da batura masu yawa sun ƙi ɗaukar caji, domin batirin litiyom da aka bari babu komai a cikinsa na tsawon lokaci yakan sauka ƙasa da iyakar da zai iya farfaɗowa.

Akwai kuma zafi, wanda ba ya buƙatar dokar kowa. Masu ƙera waya kan ba da shawarar a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A watan Afrilu a Katsina iskar waje ma tana haura 40, ina ga cikin rumfar kwano inda aka jera wayoyi hamsin kafaɗa da kafaɗa, kowace tana fitar da nata ɗumin. Zafi yana gaggauta tsufan batirin litiyom, musamman idan yana cike. Batirin da aka ƙera don ya jure cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai sai ya gaji tun bai je ko'ina ba, wani ma ya kumbura har ya ɗaga murfin wayar. Gajiyayyen batir kuma maƙaryaci ne. Waya tana kintatar cikarsa ne musamman daga ƙarfin wutar da take aunawa a bakinsa, wanda a yawancin batura kan kai kimanin bolt 4.2 idan sun cika. Tsohon batir yana kaiwa wannan ma'auni da wuri alhali abin da ya shiga cikinsa kaɗan ne, kamar tulun da laka ta cinye rabin cikinsa: ruwa ya kai baki, amma ba zai kai iyali dare ba. Abin da matashin ya gani a fuskar wayar dattijuwar ke nan ya rantse a kansa.

Masana batir suna da shawara sananniya: kada a bari caji ya sauka ƙasa da kashi 20, kada kuma a riƙa cika shi fal kullum. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da soket a gefen gadonsa. Wanda ke zuwa gari sau biyu a mako ba zai cire wayarsa a kashi 80 don tausayin batir ba, kuma ba zai daina amfani da ita ba sai ta ɗauke da kanta. Rayuwar karkara tana tilasta wa mutum daidai abin da ke kashe batir, sannan ta tura shi kasuwa ya sayi wani, galibi jabu mai ɗauke da lambobin ƙarya a jikinsa.

Zancen cewa cajin janareta ba ya riƙewa yana da ƙanshin gaskiya, amma an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Caja ta ƙwarai an yi ta ne ta karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240 ta mayar da ita daidai abin da waya ke so, don haka batir bai san ko daga Shiroro wutar ta fito ko daga ƙaramin injin bayan rumfa ba. Matsalar tana cikin cajoji masu arha, waɗanda aka rage wa kayan tace wuta, da igiyoyi masu siririyar waya a ciki waɗanda ke zubar da wani ɓangare na wutar a hanya. Idan injin ya yi tari, irin waɗannan cajoji sukan miƙa wa waya tarin yadda ya zo. Mai rumfa ya san wannan sarai, amma caja ta ƙwarai guda ɗaya kuɗin jabu da yawa ce, shi kuwa hamsin yake buƙata.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wutar da ake wannan wahala a kanta. Babbar waya mai batir 5,000 mAh tana ɗaukar abin da bai kai wat 20 na awa ɗaya ba. Ma'ana, yunit ɗaya na mitar gidan birni, wanda na'urar sanyaya ɗaki ke lanƙwamewa cikin kimanin awa guda, zai cika irin wannan waya kusan arba'in. Amma layin KEDCO bai isa ƙauyuka da yawa ba, inda ya isa ma wutar baƙuwa ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000, kuma kuɗin caji ya bi ta. Wannan ya tura masu rumfa da yawa zuwa sola, matashin ma yana cikinsu.

A nan ya yi kuskuren da kusan kowa ke yi. Ya sayi faranti, ya haɗa shi da tsohon batirin mota kai tsaye. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi don tada inji, sannan a mayar masa nan da nan. Idan ana zuƙe shi har ƙasa kowace rana, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalmar da ke cikinsa, ya daina riƙe wuta. Rashin na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir kuma yana sa rana ta dafa shi da tsakar yini, ruwansa ya ƙafe. Cikin 'yan watanni batirin ya zama na 'yan gwangwan. A karo na biyu ya sayi na'urar, ya daina barin batirin ya sauka ƙasa da rabi, ya kuma koyi goge farantin kowace safiya a lokacin hunturu, bayan ya lura cewa ƙurar kwana biyu tana rage masa yawan wayoyin da zai cika.

Yanzu yana da 'yan kalmomin da yake gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurara. Idan an shiga inda aka san babu sabis, a kashe wayar ko a sa ta a yanayin jirgin sama. A cire layin da ba ya kamawa a ƙauye. Kada a ajiye waya a rana, ko a ƙarƙashin matashi tana caji. Wanda ke da hali ya riƙe ƙaramar waya mai maɓallai, wadda matasa ke yi wa laƙabi da rakani-kashi, don dare, domin tana iya kwanaki da caji ɗaya. Shawarar kashe waya ce mutane suka fi jinkirin karɓa, kuma suna da hujja: wayar da aka kashe ba ta cin caji, amma kiran gargaɗi ma ba zai shigo ta ba. A wasu gidaje an raba aikin, a bar ɗaya a kunne a kusurwar da sabis ya fi kamawa, a kashe sauran.

Da la'asar sakaliya dattijuwar ta dawo, domin motocin ƙauyensu ba sa kaiwa magariba a hanya. Wayar tana kashi 70, hadari ya rufe rana tun azahar. Ya cire murfin ya nuna mata yadda batirin ya fara tasowa a tsakiya, ya ɗora shi a kan benci ya juya, ya yi ta juyawa kamar katantanwa. "Inna, wannan ya gama aiki. Ko na cika shi ba zai kai ki asuba ba." Ta tambayi kuɗin sabo, ya faɗa, ta yi shiru. Ta ce sai an sayar da wake. Ya nuna mata maɓallin da za ta danne ta kashe wayar a hanya, ta kunna bayan isha'i. Ta sa ya maimaita mata sau biyu, sannan ta ƙulle ta a bakin zane ta nufi tasha.