Ja Iri Nawa Ne? Harshe a Gidan Gyaran Gashi

Kalmar "ja" tana ɗauke da kaya mai nauyi a Hausa. Da ita ake siffanta jini, da ita ake kiran jan ƙarfe da jar ƙasa, goro ma akwai ja akwai fari, kuma mutum mai hasken fata akan ce ja ne. Da za a jera waɗannan launuka a faifai guda, ba mai cewa ɗaya ne, amma harshe ya tara su wuri ɗaya. A zancen yau da kullum ba a cika samun ruɗani ba, domin abin da ake magana a kansa yana gaban ido. Inda na ga kalmar tana gazawa shi ne gidan gyaran gashi. Mace za ta ce a rina mata kai ja, ta zauna ta miƙa wuya, ba za ta ga yadda aka fahimci maganarta ba sai an wanke kan an busar, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Batun ya shafe ni ta fuska biyu. Koyar da harshe ne aikina, kuma na haura shekara arba'in, furfura ta fara leƙowa daga gefen kunne, don haka na zama mai yawan zama a layin masu jiran rini. Abin da na lura da shi a wannan zama shi ne, mafi yawan matan da ke fitowa da ɓacin rai ba rashin gwaninta ya same su ba. An yi musu daidai abin da bakinsu ya faɗa, wanda ya saɓa da abin da ke ransu.

A shekarar 1969 wasu masana biyu a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka wallafa littafi kan tushen sunayen launuka a harsunan duniya. Daga cikin abin da suka nuna, duk harshen da yake da tushen suna uku kawai na launi, to baƙi ne da fari da ja. Hausa ta wuce nan, tana da shuɗi da kore, amma waɗancan ukun su ne manya, su ne kuma suka fi faɗin fili. Sauran launuka aro muke yi daga abubuwa: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Wannan "ruwan" da ɗalibai kan haddace ba tare da sun yi tunani a kansa ba, shi ne makamin da ya fi amfani a gaban mai rini, domin yana nuna wani abu da ku biyun kun taɓa gani.

Akwai kuma hanyoyi biyu da Hausa ke auna ƙarfin launi, kuma sun juya wa juna baya. Ɗaya ita ce amsa-kama, wadda ke ƙara wa launi kaifi: baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ja wur, fari fat. Ɗayar ita ce ninki, wanda ke rage shi: baƙi-baƙi, fari-fari, ja-ja. Baƙon harshe yakan zaci maimaita kalma ƙarfafa ta ne, alhali a nan sassautawa ce. Wadda ta ce "ja-ja nake so, wanda sai an shiga rana ake ganinsa" ta faɗi abu guda. Wadda ta ce "ja wur" ta faɗi wani dabam. Wadda ta ce "ja" ta yi shiru kuwa, ta bar wa mai aiki zaɓi. Tsakanin na farko da na biyu akwai watanni da dama na ɗaure kai da kallabi har a cikin ɗaki.

Sai dai gidan gyaran gashi na zamani ba da Hausa zalla yake magana ba. A Yamai da Maraɗi da Damagaram "salon" ake cewa, daga Faransanci, a Najeriya kuma "salun". (Na kan yi wa ɗalibaina tsokaci cewa kada su rikita shi da "salon" na "salon magana", ko da yake duk biyun ado ne.) Sunayen launukan da ke jikin kwali su ma baƙi ne: maron, akaju, bordo. Bayansu akwai lambobi. Kamfanonin rini suna jera hasken gashi daga 1, wato baƙi ƙirin, zuwa 10, mafi haske. Gashin kanti da ake ƙarawa a kitso yana da nasa lissafin: 1B shi ne baƙi-baƙin da ya fi kama da gashin yawancinmu, 4 ruwan ƙasa ne mai duhu, 30 ya karkata wajen jan ƙarfe, 99J kuwa kamar ruwan zoɓo mai kauri. A babban birni sau da yawa wadda za ta yi aikin ba Hausa ce harshenta na farko ba. Ke kina tunani da Hausa, ita tana fassarawa zuwa Faransanci, kwali yana magana da lamba. Shi ya sa nake ganin hoto a waya ya fi dogon bayani, muddin hoton na mace ce mai irin launin fatarki da irin gashinki, kuma an duba shi a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba.

Ko an fahimci juna a kalma, gashi yana da nasa hukunci. Lalle, wanda muka gada, ba ya haskaka gashi ko kaɗan. Sinadarin da ke cikin ganyensa manne wa gashi yake yi ya ɗora masa launi. A baƙin gashi ba ya wuce wani ƙyalli ja-ja, amma a furfura sai ya fito ruwan goro mai haske, irin wanda muke gani a gemun dattawa. Mai son furfurarta ta yi duhu ba tare da kayan kanti ba takan fara da lalle, ta wanke, sannan ta bi da baba, wato ganyen nan da marina ke tura tufa da shi. Malamai sun yi bayani kan hadisin da ya yi umurni a canza furfurar Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, a kuma nisanci baƙi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa mata da yawa suke tsayawa a lalle.

Rinin kanti mai daɗewa aikinsa dabam ne. Yana buɗe ɓawon gashi, ya cinye wani ɓangare na baƙin da aka halicce shi da shi, sannan ya zuba sabon launi a ciki. Gwargwadon nisan da ake so a yi daga baƙi, gwargwadon abin da za a cinye, kuma gashin da aka cinye ba ya komawa yadda yake. Sai dai a jira sabo ya tsiro, shi kuwa bai cika wuce santimita guda a wata ba. Baƙin gashi in ana haskaka shi, ta ja yake bi, sannan ruwan goro, sannan rawaya. Wadda ta nuna hoton launi mai haske ƙwarai ta ce a yi mata a zama ɗaya, ko dai ta tsaya a ruwan goron da ba ta nema ba, ko gashin ya karye. A wajen iyayenmu ma jan gashi ba ado ba ne, alamar tamowa ce a kan yaro, kuma na sha jin tsohuwa ta tambayi jikarta da ta dawo daga salon ko lafiya take.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai rini tana bukatar ta san tarihin kan da ke gabanta: yaushe aka sa masa man miƙar da gashi, ko an taɓa yi masa lalle, ko akwai tsohon baƙin rini a jiki. Rini ba ya ɗaga rini, wato launi mai haske ba ya hawa kan tsohon baƙi. Man miƙar da gashi da rini mai daɗewa kuma ba a haɗa su rana ɗaya. Akan bar aƙalla mako biyu tsakani. Wata abokiyar aikina ta ji nauyin faɗar cewa ta yi baƙin rini a gida wata biyu kafin nan, sai ta fito da kai hawa biyu, tushe ja wur, sauran baƙi wuluk. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda ke cikin yawancin baƙin rini da kuma dayis da ake zane hannu da shi. Jikin wasu ba ya karɓarsa: kai ya yi ƙuraje, fuska ta kumbura, ido ya rufe. Shi ya sa ake rubutawa a kwali cewa a ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu a jira awa 48. Ban taɓa ganin shagon da ya fara kawo wannan shawara da kansa ba, musamman a makon salla ko jajibirin biki, lokacin da layi ya kai ƙofa. Hausawa suna da sunan aikin da aka gama da aibi a cikinsa: kitso da ƙwarƙwata.

Akwai wani "ja" na biyu a wannan gida, shi kuma aikatau ne: makitsiya ta ja gashi. An raine mu a kan cewa kitso sai da zafi, kuma wanda aka ja shi ne ke daɗewa. Yarinya na kuka a tsakanin gwiwoyin makitsiya ana ce mata ta yi haƙuri, ta girma da wannan haƙuri, ta zama babbar mace mai jin kunyar ta ce an matse. Amma ƙananan ƙurajen da ke fitowa a gaban goshi bayan shuku ko ƙananan kalaba alama ce ta cewa saiwar gashi ta wahala, kuma in aka daɗe ana maimaitawa, gaban kai yakan cinye har ya daina tsirowa. A nan ma Hausa ba ta bar mu ba kayan aiki. Ba sai an ce "kin ja da yawa" ba, wanda ke iya zama zargi. "Ƴar'uwa, ɗan sassauta mini gaban nan" ya isa, domin "ɗan" yana tausasa umurni ya mai da shi roƙo. In makitsiyar ta girme ki, "Yaya" ko "Inna" a farkon jimla yana yin rabin aikin.

Ga mai nazarin nahawu, gidan kitso aji ne na kyauta. Daga tushe ɗaya ake samun kitsa da kitse da kitsu. Daga wani kuma rina da rine da rinu. "An rina" labari ne kawai, "ya rinu" yabo ne, "ya rine" kuwa yana iya zama kuka, kamar yadda ake cewa ido ya rine. Ɗafa-goshin "ma" shi ya ba mu makitsiya da marini, masu aikin, da mataji da matsefi, kayan aikin, da marina, wadda take wurin aikin kuma take jam'in masu yinsa.

Ni dai a yanzu lalle da baba nake yi, duk bayan mako shida ko bakwai. In na zauna nakan ce baƙi-baƙi nake so, wanda furfurar za ta ɗan nuna ja-ja a rana, sannan in roƙi a fara da tsagi ɗaya a ƙeya mu gani.