Maganar Tsohuwar Marsandin Ƙungiya Kafin Taron Lahadi



Tun bayan taron watan jiya ake ta muhawara a kan motar ƙungiya, a ƙofar masallaci da wajen masu shayi, har da saƙonnin murya da ake turo mana cikin dare. Wasu na cewa a sayar da ita a huta, wasu na cewa a gyara. Tunda ranar Lahadi za a yanke hukunci, mu da littafin motar yake hannunmu mun ga ya dace mu faɗi abin da muka sani da inda ra'ayinmu ya karkata, don kowa ya zo taro da haske.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa garin ba, motar Marsandi ce irin wadda ake kira V-boot, mai dogon baya, ƙirar 1991. Injinta na gas ne, wato dizal, mai fistin biyar. Ta riga ta tsufa kafin ma ta shigo hannunmu, kuma idan aka haɗa abin da mitarta ta nuna da abin da muka rubuta a littafi, ta haura kilomita 500,000. Aikinta kuwa kowa ya san shi. Ita ke ɗauko mara lafiya daga Oyigbo ko Eleme da ƙarfe biyun dare. Ita ke ɗauko gawa daga asibiti zuwa makabarta, a garin da direban haya ko dai ya ƙi ɗaukar gawa, ko ya yanka kuɗin da iyalan mamaci ba su da shi. Idan ciwo ya yi tsanani dangi suka ce a dawo musu da ɗansu gida, ita ake kwantar wa kujerun baya a shimfiɗa katifa a kama hanyar Arewa, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000.

Masu cewa a sayar suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Babbar hujjarsu kuɗin gas. An daɗe da cire tallafi a kan gas, shi ya sa a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, lita ta tashi daga ɗari uku da wani abu ta doshi naira 800 cikin 'yan watanni, alhali fetur yana ƙasa da naira 200. A wancan lokacin duk wanda ya ce motar gas ganganci ce, gaskiya ya faɗa. Amma lissafin ya canza tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin fetur. Fetur ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Shi kuma gas, bayan ya wuce naira 1,500 a farkon 2024, ya ɗan sauko da matatar Ɗangote ta fara sayar da nata. Har yanzu ya fi fetur tsada, sai dai tazarar ba irin ta da ba ce. Sannan abin da ya kamata a duba shi ne nawa mota ke sha kafin ta kai inda za ta. A littafinmu, tsohuwar nan tana cin kusan lita 8 a kilomita 100 a doguwar hanya. Sienna da ake cewa a saya a madadinta, 'yan uwanmu da ke haya da ita sun shaida ba ta sauka ƙasa da lita 11 ko 12. A buga wannan a tafiyar Kano zuwa da dawowa a gani.

Mun san Sienna ta fi faɗi, ta fi gudu, tana da sanyi, kuma ko a Lafiya ko Akwanga ta tsaya za a samu mai gyara ta. Matsalar ita ce kuɗinta. Binciken da kwamiti ya yi ya nuna mai ɗan dama-dama, wadda aka riga aka yi amfani da ita a nan gida, daga naira miliyan 6 take farawa. Marsandin kuwa in aka kai ta kasuwa, da kyar ta kawo kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Cikon daga aljihun mai baro da mai gadi da mai yankan farce zai fito. Kafin a haɗa shi kuma, wa zai ɗauki marasa lafiyarmu a watannin da muke zaune babu mota?

Akwai abin da ya sa irin wannan inji yake daɗewa. Injin gas ba ya aiki da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da gas zai kama da kansa idan aka fesa shi. A irin namu matsin ya kai ninki 22, fiye da biyun na injin fetur, don haka dole aka ƙera shi da kauri. Famfonsa na Bosch ne, duk ƙarfe, babu kwamfutar da ke ba shi umarni. Sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba. Motocin gas na zamani suna fesa mai da ƙarfin da ya ninka na wannan fiye da sau goma, shi ya sa ɗan datti ko ɗan ruwa ke kashe musu nozul, kowane ɗaya kuma kuɗinsa abin tsoro. Tamu tana haƙuri da abin da waɗancan ba za su jure ba. Akwai wani direban tasi a ƙasar Girka da Marsandinsa ta gas, ƙirar 1976, ta yi kilomita miliyan 4.6, har kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya ajiye a gidan tarihinsa. Masu son Marsandi na yawan ba da wannan labari, sai dai suna manta ƙarashensa: sau da dama ana sauke mata inji a gyara a mayar. Kuɗi da kulawa ne suka kai ta can.

Nan ne maganar take. Da muka bi littafin shafi-shafi, manyan gyare-gyaren da suka cinye mana kuɗi kusan duk daga hannun mutane suka fito, kaɗan ne za a ɗora wa tsufa.

Mu fara da mai, tunda a Fatakwal muke. Duk wanda ya zauna garin nan tun ƙarshen 2016 ya san baƙin toka da ke sauka a kan rufi da tufafi har cikin hanci, kuma ya san ana danganta shi da masu dafa ɗanyen mai a daji, abin da mutanen gari ke kira kpofire. A farkon 2022 gwamna Wike ya yi musu dirar mikiya, amma gas ɗinsu bai ɓace daga bakin titi ba. Yana da araha, jarka a hannu, ba layi. Wani ɗan uwa ya taɓa karɓar motar zai kai haƙuri, aka ba shi kuɗin mai cikakke, ya ga zai rage wani abu ya zuba irin wannan. Ba mu kama suna ba, kuma mun san ba da mugunta ya yi ba. Amma bayan sati biyu sai da aka sauke tanki aka wanke, aka canza filta biyu, aka kai nozul biyar wajen mai gwaji. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe ba. Irin wannan gas yana zuwa da ruwa da datti, wani a gauraye da kananzir, shi kuwa famfon da santsin gas yake rayuwa. Haƙurin da muka ce tana da shi yana da iyaka. Akwai wata 'yar ƙaramar filta ta roba kafin famfo, ana hango cikinta. Direba mai lura ya kalle ta kowace safiya. Idan ta yi baƙi, labari ne take ba shi.

Ko a gidan mai na gaskiya, gas ɗin ƙasar nan ya daɗe yana da yawan sinadarin salfa, wanda ke saurin lalata baƙin mai. Shi ya sa muke yin juye duk kilomita 5,000, da sabuwar filta, kuma injin na shan kusan lita bakwai. Wasu na ganin ɓarna ce, wai man bai daɗe ba. A injin gas ba a gane lafiyar mai da launi, domin yau aka zuba gobe ya yi baƙi. Littafi ake dubawa.

Sai zafi. Kan injin nan na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejin ƙasar nan, da mota ta fara zafi sai a cire mata tamostat a ce ai na ƙasar sanyi ne. Wannan ɓoye ciwo ne kawai. Ainihin matsalar takan kasance lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko fanka ta daina kamawa. Mun mayar mata da tamostat, mun koma zuba ruwan lagireto na kwalba, kuma mun ce duk direban da ya ga allura ta haura, ya tsaya ko da saura kilomita biyu ya isa. Damina ma tana da nata sharrin. Kun san yadda titunan garin nan ke cika in an yi ruwa. Saboda ƙarfin matsin da muka ambata, ruwa kaɗan ya shiga ta wajen shaƙar iska ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin. Gara a jira ruwa ya janye.

Wani abin kuma ba ya bayyana sai an je gida. A nan Kudu babu sanyin kirki, ko hita biyu sun mutu mota za ta tashi, ba wanda zai lura. Ranar da ta kwana a Jos ko Zariya cikin hunturu, da asuba sai a yi ta murza makulli har batir ya mutu, daga nan wani ya kawo shawarar a fesa mata maganin sauro ko a kanga tsumma mai fetur. Kada a yarda, yana iya fasa inji. A gwada hita kafin a tashi daga Fatakwal, aikin minti goma ne wajen liwaya. Af, tunda ana maganar makulli: waɗanda suka ga an zare shi mota ta ƙi mutuwa har suka fara cewa tana da iska, to iskar ce kuwa, amma ta tiyo. Da zuƙar iska ake kashe injin, in ɗan tiyon ya tsage sai a buɗe bonet a danna wani ɗan ƙarfe da ke jikin famfo, an rubuta masa STOP.

Kada a ce mun ɓoye aibinta. Tsatsa ta ci ƙasanta, musamman wajen da ake kafa jak da gefen tagogin baya, kuma danshin garin nan ba zai bar ta ba. Shokar bayanta irin mai aiki da mai ce, wadda ke ɗaga mota idan an yi lodi, ta gaji, mara lafiya yana jin kowane rami a jikinsa. Da safe tana ɗan yin shuɗin hayaƙi, alamar ta fara taɓa baƙin mai, ko da yake bakanikenmu ya gwada ya ce ringi da sauransu. Kayan gyara ana samu a Ikoku, in ba a samu ba a aika Mgbuka ta Obosi, kuma 'yan kasuwar da muke hulɗa da su sun riƙe mana amana, sai dai jabu ya yi yawa, dole mai sayen ya san abin da yake nema. Abin da ya fi damunmu shi ne masu gyaran irin wannan famfo suna ƙarewa. Yawancinsu dattawa ne da suka koyi aiki a kan manyan motocin Marsandi irin su 911, yaran yanzu kuma sun koma wajen na'urar gwaji. Sannan hanyar Aba zuwa Inugu ba wurin da za a so mota ta mutu da dare ba ce, ga ranar Litinin da a 2021 aka fara ƙaurace wa hanyar. Duk wanda ya ce yana tsoron a ɗauki mahaifiyarsa a tsohuwar mota a wannan hanya, tsoronsa na kan hanya, kuma amsarsa ita ce kada motar ta bar gari sai bakanike ya duba ta ya sa hannu a littafi.

Jimillar gyaran da ke gabanmu, walda da shoka da tayoyi huɗu da batir, bakanike ya kimanta kusan naira 900,000. Da yawa ne. Amma za mu iya haɗa shi cikin wata biyu, kuma a ganinmu zai ba mu shekara uku ko huɗu, muddin an canza yadda ake riƙe motar. Idan ba za a canza ba, gara a sayar tun yanzu, kuma kada a sayi wata, domin Sienna ma hannu goma za su kashe ta, da sauri ma fiye da wannan.

Abin da kwamiti zai gabatar ke nan. A yi gyaran. A buɗe wa motar asusunta daban, kowane mamba ya ƙara naira 200 a wata, kada a taɓa kuɗin don biki ko tarbar baƙi. Abin da ya yi rara a tara shi don motar gaba, tunda wannan ba za ta dawwama ba. Makulli ya zauna hannun direba ɗaya da mataimakinsa, ko shugaba ne ke buƙata su za su tuƙa. Ba ɗaukar buhunan albasa, ba rakiyar amarya. Mai kuma daga gidan mai kawai, da rasit. Iyalan da ke da hali su sa mai, waɗanda ba su da shi asusu ya ɗauke musu, ba tare da an sanar a taro ba. Bayan shekara a dawo a duba littafi.

Littafin yana ofis, duk mai son ganin lissafin da idonsa ya zo bayan Magariba daga yau zuwa Asabar. Iyayenmu mata su ma muna roƙon su turo wakilai, tunda yawancin tafiyar dare da motar ke yi ta haihuwa ce. Taro ranar Lahadi ne bayan La'asar, a inda aka saba. Allah Ya kai mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda motar nan ta raka.

Sakatare